CII, MDRT ko ka riƙe kuɗinka: wace ƙungiya ta dace da mai harkar inshora a Saudiyya?

Bayan isha'i ne, a gidan yayata da ke Makka, can ta wajen Shara Mansur. Ɗanta ya matso kusa da ni ya miƙo wayarsa. Watansa goma sha huɗu ke nan da kama aiki a wani kamfanin dillancin inshora a Jidda, har ya fara shigowa gida da 'yar ledar cefane daga kamashonsa. Saƙo biyu ya nuna mini. Na farko daga abokin aikinsa, yana zuga shi ya yi rajista da CII, cibiyar ma'aikatan inshora ta Landan. Na biyu hoton wani ne cikin kwat, ya ɗaga lambar MDRT, wata ƙungiyar gwanayen sayar da inshorar rai ta Amurka, baki har kunne.

"Kawu, wacce zan biya? Ko dukansu cin kuɗin mutane ne?"

Na ce ya bari mu sha shayi tukuna, wannan tambaya ba a amsa ta a tsaye. Ba shi kaɗai ke yin ta ba. Na daɗe a sana'ar nan, na biya kuɗin ƙungiya shekara da shekaru, akwai kuma shekarar da na bari ya wuce ban biya ba, na ga abin da ya biyo baya. Ga abin da na gaya masa a daren, haɗe da abin da ya faɗo mini a rai daga baya a hanyar komawa Jidda.

Abin da ya fi rikita yaranmu shi ne haɗa izinin aiki da zama ɗan ƙungiya. Izini na hukuma ne. Tun da aka yi dokar kula da kamfanonin inshora na haɗin gwiwa a 2003, babban bankin ƙasar, wato SAMA, ke riƙe da linzami, har zuwa 2023 da aka kafa Hukumar Inshora mai cin gashin kanta ta karɓi aikin, ta haɗa har da sa ido a kan inshorar lafiya. Ita ke ba kamfani lasisi, ita ke ba dillali, da wakili, da mai ba da shawara. Jarrabawar share fage da ake ce wa IFCE, wadda Akadamiyar Harkokin Kuɗi ke shiryawa, ita ce ƙofar shiga, kuma ɗan yayata ya riga ya wuce ta. Amma akadamiya makaranta ce, ka ci jarrabawa ka karɓi takardarka ka yi gaba. Babu ƙungiyar Landan ko ta Amurka da za ta ba ka ikon sayar da wasiƙa ko guda a ƙasar nan in hukuma ba ta ba ka ba. Da gangan na ce wasiƙa. Haka ake kiran takardar yarjejeniyar inshora da Larabci a ofis, kuma ranar da na fara aiki na ɗauka saƙo ake nufi, har na tambayi wa za a kai wa. An daɗe ana yi mini tsiya da wannan.

Sai magana mai ɗaci, wadda ta raba Hausawan ƙasar nan gida biyu. Akwai 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka taka sayyada ta Sudan suka tsallako Bahar Maliya don aikin hajji tun zamanin da, masu Hausawi ko Fallata ko Barnawi a ƙarshen suna. Akwai kuma mu masu igama, wato takardar izinin zama ta baƙi. Tun watan Afrilun 2024 aka keɓe ayyukan sayar da inshora ga 'yan ƙasa kaɗai. Ɗan yayata ɗan ƙasa ne ta wajen ubansa, saboda haka shi ke fita gaban kwastoma. Ni a ɗakin baya nake, wajen auna haɗari da tsara takardun manyan kwastomomi. Wannan bambanci kaɗai ya yanke rabin hukunci. Ƙungiyar da ke auna mutum da yawan abin da ya sayar ba ta da abin da za ta yi wa wanda doka ta hana shi sayarwa. Wadda ke auna shi da abin da ya sani ita ce za ta iya riƙe masa kujerarsa.

Ka kuma dubi kasuwar kanta kafin ka dubi kowace lamba. Fiye da rabin kuɗin inshora da ake tarawa a Saudiyya na lafiya ne, sai mota ta biyo baya. Dalilin a fili yake: dukansu tilas ne. Ba a sabunta igama sai da inshorar lafiya, mota kuma ba ta hawa titi sai da aƙalla ta biyan wanda ka yi wa ɓarna, wadda kowa ke ce wa diddal gairi, kuma in an yi karo Najm ake kira, kamfanin da ke zuwa ya rubuta rahoton haɗarin. Hatta mai zuwa umara daga Kano, tun 2020 bizarsa da inshora a ciki take zuwa, ko ya sani ko bai sani ba. Inshorar rai, wadda a nan aka lulluɓe ta da sunan kariya da tanadi, ƙaramin kaso gare ta, duk da ta fara motsi a 'yan shekarun nan. Riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

Mu fara da CII, tunda ita na fi sani, ita ce kuma ta fi cin kuɗina.

Cibiya ce ta ma'aikatan inshora da ke Landan, ta samu takardar amincewar masarautar Ingila a 1912. Tsarinta tsani ne. Kana tara maki da darussan da ka ci: maki 40 ka samu satifiket, 120 difloma, 290 babbar difloma, wadda ita ke ba ka haruffan ACII a bayan suna. Sama da nan akwai FCII, ta manyan malaman sana'a. Jarrabawar matakin ƙasa ta zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu ce, amma kana hawa ana komawa rubutun aiki mai tsawo, inda za a ba ka matsala irin ta ofis a ce ka warware ta da hujja. In kana da wani karatu na baya da ya shafi fannin, suna da tsarin dubawa su ɗauke maka wasu darussa.

Me mutum ke saye da kuɗinsa? Ni a wajena ba haruffan ba ne da farko. Abin da ake tilasta maka ka koya ne. Mai sayar da inshora zai iya shekara biyar yana cika fom yana karɓar kamasho bai taɓa karanta wasiƙa daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma babu mai gane shi sai ranar da asara ta faɗo. Na ga wannan da idona bayan ambaliyar Jidda ta watan Nuwamban 2009, lokacin da ruwa ya kwashe motoci a Ƙuwaiza ya shiga sito-sito a kudancin gari. 'Yan kasuwa da dama, har da namu, sun zo da takardunsu suna ganin za a biya su tsaf, sai aka ba su rabi ko ƙasa da haka. Suka ce zalunci. A wasu lokutan ba zalunci ba ne, wani sharaɗi ne da ke kwance a cikin wasiƙar tun ranar farko. Ga yadda yake aiki. A ce kayan sitonka na riyal 400,000 ne, amma don ka rage kuɗin da za ka biya ka ce a rubuta 200,000. Ruwa ya lalata na 100,000. Kai kana lissafin ai asarar ba ta kai abin da ka rubuta ba, za a biya duka. Kamfani kuwa zai ce rabin kayanka ka yi wa inshora, ɗaya rabin kai ka ɗauke wa kanka, saboda haka 50,000 ne haƙƙinka. Wanda ya sayar masa da wasiƙar, da ya san wannan, jimla biyu sun isa ya tsirar da mutumin. Bai sani ba, don babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce sai ya sani.

Irin waɗannan ake dasa maka tun darasin farko: wajibcin faɗin gaskiya tsakani da Allah a kan abin da za a yi wa inshora, ko ba a tambaye ka ba, cewa ba a yi wa abu inshora sai kana da haƙƙi a kansa, cewa diyya mayar da mutum ce inda yake kafin asara, ba hanyar cin riba ba, yadda kamfani ke bin wanda ya yi ɓarna a madadinka bayan ya biya ka, da gano ainihin musabbabin asara idan dalilai biyu sun haɗu. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kwamitin sasanta rikicin inshora ya san a kan waɗannan ake kayar da mutum ko ya yi nasara.

Amfani na biyu sai da yaƙin Sudan ya ɓarke na gane girmansa. Akwai wata baiwar Allah, asalin iyayenta Mai Wurno ne a gefen Sinnar, ta yi shekaru tana aiki a sashen biyan diyya na wani kamfani a Hartum. Bayan abin da ya faru a Afrilun 2023 ta fito ta Bur Sudan ta iso Jidda da jaka ɗaya. Ta san aikin fiye da da yawa daga cikinmu. Da na ce ta kawo takardunta in kai wa wani, sai ta ce, "Ustaz, suna cikin durowa a ofis, ofishin ma ban da labarinsa." Wani abokin aikinta da suka fito tare, mai ACII, shiga intanet kawai ya yi ya buɗe shafinsa ya fitar da tarihin jarrabawarsa gaba ɗaya. Rijistarsa tana Landan, harsashi bai kai can ba. Ga mutumin da zamansa ya rataya a kan igama, wanda yau yana Jidda gobe ƙila Dubai ko Doha ko Abuja, shaidar da ke bin sa duk inda ya sa ƙafa ba ƙaramin abu ba ce. Manajan da bai taɓa jin sunan jami'arka ba ya san abin da ACII ke nufi.

To amma tana da nata nauyin, kuma masu tallata ta ba su cika faɗa ba. Na ɗaya, harshe. Akwai darasin share fage da Larabci, amma da ka ɗan hau sama sai Turanci, kuma Turancin lauyoyi. Yaron da ya tashi a Makka, Larabci a makaranta Hausa a gida, zai sha wuya shekarar farko. Na biyu, tushen karatun dokar Ingila ne da al'adar kasuwar Landan. Ƙa'idojin suna aiki ko'ina, amma tsarin Hukumar Inshora ta nan, da wasiƙar bai-ɗaya ta inshorar mota, da yadda ake tura buƙatun asibiti ta manhajar Nphies, duk sai ka koye su daban. Na uku, kuɗin da fam ɗin Ingila ake biya, fam kuwa hawa da sauka yake a kan riyal, kuma ba sau ɗaya ba ne: kuɗin zama memba kowace shekara, kuɗin kowane darasi, kuɗin sake zama in ka faɗi. Na huɗu shi ne wanda ya kama ni. Haruffan nan aro ne. Ilmin naka ne har abada, amma ikon rubuta su a bayan sunanka yana tare da zamanka memba, da kuma cika sa'o'i 35 na ƙarin ilmi duk shekara, 21 daga ciki tsararru. Shekarar da na aurar da 'yata aljihu ya yi zafi, na ce bari in ɗaga ƙafa shekara guda, wa zai lura? A shekarar ce wani babban kwastoma ya nemi jerin ma'aikatan da za su riƙe masa aiki tare da shaidar kowa mai rai. Aka sa sunan yaron da ni na koya wa aiki a sama, nawa a ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MDRT, wadda sunanta ke nufin teburin masu cinikin dala miliyan, wata dabba ce daban. An kafa ta a Amurka a 1927, lokacin da mutum 32 da kowannensu ya sayar da inshorar rai ta aƙalla dala miliyan ɗaya suka haɗu don su riƙa koya wa juna dabarun sana'a. Ba jarrabawa ake ci a shiga ba. Cinikinka na bara ake dubawa, in ya kai ma'aunin da suka sa wa ƙasarka ka shiga, baɗi kuma a sake awo. Wanda ya ninka ma'aunin sau uku yana da matsayi na musamman, wanda ya ninka sau shida yana da na sama da shi. Abin da take koyarwa na gaske ne: yadda ake buɗe magana da mutum a kan abin da ba ya son ji, yadda ake bibiyar kwastoma ba tare da an zame masa ƙarfen ƙafa ba, yadda ake tsara rana da mako. Wanda ya je taronsu na shekara yakan dawo kamar an yi masa allura. Kuɗinta da dala ne, dala kuwa a daure take da riyal a kan 3.75, saboda haka aƙalla ka san abin da za ka biya, sai dai ka ƙara tikiti da masauki da zirga-zirgar biza.

Amma ka tuna abin da na ce ka riƙe. Ginshiƙin MDRT inshorar rai ce da tanadi da makamantansu, ba a gina ta don mai sayar da inshorar mota da ta sito ba. Ɗan yayata kuwa kusan duk cinikinsa motocin kamfanoni ne da lafiyar ma'aikatan ƙananan shaguna. In ya biya ma, babu inda zai zauna a teburin. Wanda take yi wa amfani shi ne ɗan ƙasar da ke sayar da tsarin tanadi na karatun yara ko na ritaya, musamman ta hanyar banki, wanda cinikinsa ya riga ya kai. Shi ba shiga yake don ya zama gwani ba, ya zama gwani ne aka ba shi kujera. Sannan dabarun da ake koyarwa a can sai an sake musu riga kafin su shiga zauren Bahaushe. Je ka ce wa dattijo a Jarwal, "Alhaji, idan ka mutu gobe wa zai riƙe iyalinka?" ka ga irin kallon da zai yi maka kafin ya ce Allah da ya halicce su.

Wannan ya kawo mu tambayar da babu ranar da ba a yi wa Bahaushe mai harkar inshora ita: halas ce? A nan CII da MDRT duk ba su isar maka ba, ko da yake CII na da darasi a kan takaful, wato inshorar Musulunci, a matakin sama. Dole ka san tarihin fatawar da kanka. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi hukunci a 1977 cewa inshorar kasuwanci haramun ce, ta taimakon juna kuwa ta halatta. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta bi sahu a 1978, inda Shaihu Mustafa Zarƙa ya saɓa wa sauran ya halatta duka. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da hukuncin jamhuru a zamanta na Jidda a 1985. Illolin da aka kafa hujja da su uku ne: garari, wato jahiltar abin da za a samu, da riba, da kama da caca. Sudan ce ta fara mayar da fatawa aiki, lokacin da Bankin Musulunci na Faisal ya kafa kamfanin inshorar Musulunci a 1979, na farko a duniya, da jagorancin malamai irin su Shaihu Siddiƙ Darir.

Kuma tsarin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, abin da baiwar Allahn nan ta Mai Wurno ta daɗe tana yi mini gardama a kai. A Sudan, rarar da ta rage bayan an biya diyya da ɗawainiya ta masu wasiƙa ce. A Saudiyya ƙa'ida ta ba su kashi 10 cikin ɗari na rarar, 90 na masu hannun jari. Ita tana ganin wannan haɗin gwiwa ne a baki kawai. Ni ina ganin maganarta na da ƙamshin gaskiya, amma ba ni ne mufti ba. Abin da na sani shi ne kwastoma mai ilmi zai jefo maka wannan tambayar, kuma in ka yi inda-inda ka rasa shi. Inda ake samun wannan ilmin a tsare shi ne AAOIFI da ke Bahrain, wadda aka yi wa rajista a 1991, mai ma'aunan shari'a na harkokin kuɗi. Ma'auni na 26 shi ne na inshorar Musulunci. Sai dai membobinta galibi bankuna ne da hukumomi da kamfanoni. Mutum ɗaya ta hanyar jarrabawarta yake shiga, kamar CSAA ta masu ba da shawara da binciken shari'a, kuma wannan hanya ce ta wanda ke son komawa sashen shari'a na kamfani gaba ɗaya. Ga mai ba kwastoma shawara, karanta ma'aunin nan da kyau, da Larabcinsa na asali, ya wadatar, ba sai ya biya kowa ba.

A Bahrain ɗin dai akwai BIBF, cibiyar horo da ke koyar da inshora har da Larabci. Ga wanda Turanci ya tsaya wa a wuya, tsani ce mai kyau, kuma daga Dammam tsallaka gada ne kawai. Ita ma dai makaranta ce.

Wanda kuwa zuciyarsa ke gida, yana ƙirga shekarun da suka rage masa ya koma Kano ko Kaduna, to ya dubi CIIN, cibiyar ma'aikatan inshora ta Najeriya da ke Legas. An kafa ta a 1959, doka ta ba ta cikakken iko a 1993, kuma a Najeriya ita ce ma'aunin wanda ake kira ƙwararre a inshora. Hukumar inshora ta ƙasar, NAICOM, ita ce ke ba da lasisi, dillalai kuma suna da majalisarsu ta NCRIB. Tun da aka fitar da ƙa'idojin takaful a 2013 kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka buɗe, kuma mutumin da ya yi shekaru a kasuwar Saudiyya, yana jin Larabci da Hausa, ya san fatawa ya san lissafi, irinsa ake nema da fitila a Arewa. A Jidda kam haruffan CIIN ba za su ƙara maka riyal ɗaya ba. Shuka ce ta wani daminan.

Saura zaɓin da kowa ke yi ba tare da ya kira shi zaɓi ba: kada ka shiga komai. Ka tsaya da lasisinka da zauren WhatsApp na abokan sana'a. Kada a raina wannan zauren. Wane asibiti ne ya fita daga jerin wane kamfani a makon nan, wane ofishi ke jan ƙafa wajen biya, yaya ake ɗaukaka ƙara in rahoton haɗari ya ɗora wa mutum kashi ɗari bisa kuskure, duk a can ake ji kafin ko'ina, kuma kyauta. Babu wata mujallar Landan da za ta gaya maka wannan. In aikinka sabunta diddal gairi ne daga safe zuwa yamma, gaskiya zauren ya ishe ka yau. Matsalar ita ce wannan aikin shi ne wanda waya ke cinyewa. Mutum yana kwance a gado zai buɗe manhajar Tameeni ya jera farashin kamfanoni ya zaɓi mafi araha cikin minti biyar, bai nemi kowa ba. Abin da waya ba ta iya ba shi ne zama da mai sito a Bab Sharif a lissafa masa ainihin darajar kayansa, ko a karanta wa mai ɗaukar ma'aikata talatin abin da wasiƙar lafiyarsu ta cire. Can kuɗin yake komawa, kuma can ake buƙatar karatun da zaure ba ya bayarwa. Sannan zaure ba ya hukunta kowa. Wanda ya yi ƙarya a ciki, iyakaci a yi shiru a bar shi.

Nan ne ƙa'idar ɗa'a ta ƙungiya ke shigowa, kuma ba zan zuzuta ta ba. CII da MDRT kowace tana da tata, CII kuma tana iya ladabtar da memba har ta kore shi. Wannan ba ya mayar da maƙaryaci mai gaskiya. Amma yana ba mai gaskiya abin jingina. Kowa a sana'ar nan ya san wasiƙar lafiya ta sabunta igama, mafi arha, wadda asibitocinta biyu ne a ƙarshen gari, ake sayar wa talaka ba a gaya masa ba sai ranar da matarsa ke naƙuda. Lokacin da wani shugabana na da ya matsa mini in tura irin wannan ga wani rukunin ma'aikata ba tare da bayani ba, ban ce masa tsoron Allah ba, don na san amsar da zai ba ni. Ce masa na yi ina da rijistar da za a iya ƙwacewa. Ya fahimci wannan yaren nan take.

Abu ɗaya babu wadda za ta ba ka cikinsu: kwastoma Bahaushe. Shi ba ya karanta haruffan bayan suna. Tambayarsa ɗan gidan wa ne kai, wa ya taɓa mu'amala da kai, kuma ranar da motar wane ta yi karo a hanyar Madina ka ɗaga waya ƙarfe biyun dare ko ka kashe. Haruffan na manajan da zai ɗauke ka aiki ne, da kamfanin da zai ba da kwangila. Mutanenmu a wajen ɗaurin aure da zaman makoki ake samun su.

Saboda haka na ce wa ɗan yayata ya bar maganar MDRT har ranar da cinikinsa ya koma tanadi ya kuma kai ma'auni, in ranar ta zo ba sai ya tambaye ni ba. Ya fara da satifiket ɗin CII, darasi ɗaya tak, ya gwada ƙarfin Turancinsa kafin ya yi wa kansa alkawarin ACII, don tafiyar shekaru ce ga mai aiki da rana. Kafin ya ciro ko riyal ɗaya, ya je sashen ma'aikata ya tambaya, domin kamfanoni da yawa suna biyan kuɗin jarrabawar in an ci, wasu da sharaɗin ka zauna musu wani lokaci, kuma ya karanta sharaɗin nan da kyau kafin ya sa hannu, tunda karanta sharaɗi ne sana'ar da yake son koya. Ma'auni na 26 kuwa na ce zan ba shi nawa kwafin, ya dawo mini da shi.

Uwarsa, da muka ɗauka hankalinta na kan talabijin, ta juyo ta ce, "Yanzu kuɗin da za a riƙa aika wa Turawa duk shekara, har da kai a zuga shi?" Na ce, "Yaya, ni ma haka na ce shekarar bikin 'yarki." Ta san labarin, ta yi dariya ta ƙyale mu.

Bayan mako uku ya kira ni daga jirgin ƙasa na Haramaini, tsakanin Makka da Jidda, ina jin sanarwar tasha a bayansa. Kamfanin ya yarda zai mayar masa da kuɗin in ya ci. Ya makale a babi na ainihin musabbabin asara: in gobara ta tashi a shagon maƙwabci, 'yan kwana-kwana suka zuba ruwa ya lalata kayanka, wuta ce ta ci ka ko ruwa? Na ce ya ba ni tasa amsar tukuna. Ya ce ruwa. Na ce ya koma shafin baya.